Wa Za Ka Kai wa Littafinka Ya Yi Masa Sharhi? Hanyoyi Bakwai a Kan Sikeli

Marubuci a Katsina ko Daura idan ya kammala littafi, abu biyu ne suka fi cin ransa: kuɗin maɗaba'a da ranar ƙaddamarwa. Batun wanda zai karanta littafin ya faɗi abin da ya gani a ciki yakan zo a makare, bayan an ɗauko kwalaye daga Kano ko Zariya an jibge a ɗaki. Sannan ake shiga ruɗani: a kai wa malamin jami'a ne, ko a aika wa jarida, ko a sayi fili a rediyo, ko a saki a WhatsApp a ji ta bakin makaranta? Kowace hanya da aikin da take yi, kuma wadda ta fi cin kuɗi ba ita ta fi ba da sharhi na gaskiya ba.

Abubuwa uku ake yawan cakuɗawa. Akwai duba na gyara, wanda ake yi tun littafi yana daftari, tsakaninka da mai dubawa kawai. Akwai sharhi na fili, wanda ake yi bayan littafi ya fito don jama'a su san ko ya cancanci kuɗinsu. Akwai kuma taƙarizi ko gabatarwa, 'yan layukan da wani babba yake rubutawa a sa a farkon littafi ko a bayan bango, al'adar da malaman addini suka daɗe da ita. Na ukun shaida ce, ba a sa ran jin aibi a cikinta. Wanda yake buƙatar na farko ya je wurin masu na uku, yabo zai kwaso, ya buga kurakuransa har kwafi dubu.

Abubuwan da za a auna

Kuɗi. Tunda farashin takarda ba ya zama wuri ɗaya, ya fi sauƙi a yi lissafi da kwafi: guda nawa za ka sayar kafin ka mayar da abin da ka kashe? A sa har da littattafan da za a bayar kyauta, da kuɗin mota, da tukuici, da data.

Lokaci, daga ranar da ka miƙa littafi zuwa ranar da aka ce wani abu a kansa.

Ɗorewa. Bayan shekara biyar, ɗalibi ko alƙalin gasa zai iya nemo sharhin ya karanta?

Sauƙi. Sai da sanayya, ko kowa na iya yin sallama a amsa masa?

Masu ji. Masu saye daban, masu nazari daban, masu ba da gudummawa daban.

'Yancin mai sharhi. Wannan aka fi mantawa, kuma shi ya fi nauyi. Gwargwadon ikon da kake da shi a kan abin da za a faɗa, gwargwadon raguwar darajarsa a wurin mai karatu. Sharhin da ba a ambaci ko da rauni ɗaya ba, makaranta sun san talla ce, kuma a matsayin talla za su ɗauke shi.

Sai haɗari: satar littafi, ɓacin zumunci, asarar kuɗi.

1. Malamin jami'a ko kwaleji

Jihar Katsina ba ta rasa masana ba. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina da Kwalejin Isa Kaita a Dutsin-Ma. Mutumin Daura kuma yana da malamai kusa da shi a Kwalejin Yusufu Bala Usman. Amfanin wannan hanya ya fi yawa tun kafin bugu. Tun ran gini ran zane.

Malamin adabi zai duba jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo, da taurari. Zai kuma kama abin da mawaƙin yabo ba zai taɓa gani ba: “ya na” a madadin “yana”, “akan” inda ake nufin “a kan”, “littafin sa” a rabe, da baƙaƙe masu lanƙwasa da aka bari a miƙe har ɗaki ya koma daki. Marubucin Katsina yana da wani tarko nasa na daban, wato karin harshe. Idan tsohuwa a cikin labari ta ce “tahi” ko “ukku”, wannan salo ne, a bar mata. Idan muryar mai ba da labari ce take faɗin “tafi” a shafi na biyar, “tahi” a shafi na tara, wannan sakaci ne, kuma irinsa malami yake jan layi a ƙarƙashi.

A nemi wanda fanninsa ya dace. Masanin nahawu zai gyara jimla amma ba lalle ya gaya maka cewa babi na shida ba shi da amfani ba. Mai ƙagaggen labari ya nemi mai koyar da zube, mai waƙa ya nemi wanda ya san aruli, wato ma'aunin waƙa, da amsa-amo. A buga daftarin a takarda A4, fuska ɗaya, da tazara mai faɗi tsakanin layuka don a samu wurin rubutu, a sa lambar shafi, a ɗinke. A haɗa da tambayoyi uku a rubuce, misali: ina labarin ya yi sanyi, wane tauraro ne bai gamsar ba, ƙarshen ya zo da gaggawa? Wanda aka ce wa “Malam, a duba mana” kawai, waƙafi da aya zai duba.

Kuɗinsa matsakaici ne: bugun daftari da tukuici. A yi maganar tukuici da wa'adi tun farko, cikin ladabi, domin kunyar faɗa ita ke sa aiki ya kwana wata shida a kan tebur. Mako huɗu zuwa shida ya isa littafi mai shafi 150. Kada a kai lokacin jarrabawa ko makin takardu. Kalandar jami'a ma ba a hannun malami take ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 wata takwas ya ɗauka. Sauran haɗarin biyu ne: a miƙa wa ɗalibi ya karanta a madadin malam, ko malam ya nemi ya mayar da rubutunka irin na littattafan da ya saba koyarwa har muryarka ta ɓace. Gyaran ƙa'ida a karɓa duka. Shawara a kan salo a auna.

Bayan bugu kuma akwai mujallun nazari, irin su Himma ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Algaita ta Bayero, da Harshe ta Zariya, da Dundaye ta Sakkwato. Suna fitowa jefi-jefi, masu karanta su malamai ne da ɗalibai, kuma maƙala a cikinsu ba za ta sayar maka da kwafi goma a kasuwa ba. Amma tana nan bayan shekara ashirin. Hanya mafi arha ta shiga wannan fage ita ce kai kwafi biyu laburaren sashe, da guda ɗaya ga kowane malamin da ke koyar da fannin. Ɗalibai masu rubuta kundin kammalawa littafin da hannunsu ya kai gare shi suke nazari, ba wanda suka ji labarinsa ba.

2. Zaman karatu na marubuta

Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma zaman karatu na cikin ayyukan da aka san ta da su. Ban da ita akwai ƙananan ƙungiyoyi na unguwa da na makarantu. Marubuci ya karanta wani yanki, 'yan'uwansa su yi masa fiɗa nan take.

Kusan kyauta ne: kuɗin ƙungiya da hoton shafuka biyar zuwa takwas, kwafi goma ko sha biyar, don kowa ya bi da ido. Karatun kada ya wuce minti goma. Ladabin wurin shi ne ka yi shiru har a gama, ka sa wani ya riƙa rubuta maka abin da aka faɗa. Mai kare kansa a kowace magana ba a ƙara gaya masa gaskiya.

Rauninsa a fili yake. Yanki aka ji, don haka za a kama maka hirar da ba ta yi kama da maganar mutane ba, amma ba za a gane cewa tsakiyar littafin ta lotsa ba. Ba abin da ke saura a rubuce. Inda kuma zama ya daɗe da mutane ɗaya, yakan koma yaba ni in yabe ka. Maganin wannan shi ne a zaɓi mutum uku a ba su cikakken daftari: marubuci ɗaya, makaranci ɗaya da ba ya rubutu, da mutum ɗaya da ya san duniyar da labarin ke magana a kanta, ko asibiti ce ko kotu ko kasuwar hatsi. Wanda ke Daura, in zuwa Katsina kowane wata ya yi masa nauyi, mutum biyar masu karatu da gaske sun isa a kafa zama.

3. Jarida

Ga littafin Hausa akwai Aminiya da Leadership Hausa da Manhaja; ga na Turanci akwai shafukan adabi na jaridu irin su Daily Trust. Hanya biyu ce. Ko ka aika wa edita littafi ka jira wani ma'aikaci ya samu sukunin karantawa, ko ka ba wani mai alƙalami da ba yaronka ba ya karanta ya rubuta, sannan a aika da sharhin a shirye. Ta biyun ta fi saurin fitowa, saboda ma'aikatan shafin adabi ba su da yawa, kuma abin da ya zo a gyare shi ke cike gurbi.

Tsawon da ya fi shiga shafi shi ne kalmomi 700 zuwa 1,000. A sama a jera sunan littafi, marubuci, maɗaba'a, shekara, yawan shafuka, lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), farashi, inda ake samu, da sunan mai sharhi. A haɗa da hoton bango mai haske, wanda aka karɓo daga mai zanen, ba wanda aka ɗauka da waya a kan tabarma ba. A aika rubutun a fayil ɗin Word, a kuma liƙa shi cikin saƙon imel, domin ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su koma akwatuna idan kwamfutar edita ba ta da irin haruffan da ka yi amfani da su. A aika cikin wata uku na fitowar littafi. A tuntuɓa sau ɗaya bayan mako biyu, a bar shi haka.

Lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa ake samunta, kuma dokarsa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi na kansa ya ajiye kwafi uku a can. Masu bugun gaggawa kan tsallake wannan, alhali littafin da ba shi da lamba, ba shekara, ba sunan maɗaba'a, edita da ɗalibi duk wahalar ambatonsa suke sha.

A ƙa'ida sharhin jarida ba a biya. Abin da za ka kashe kwafi biyu ne da kuɗin aike. In aka ce sai ka biya kuɗin shafi, to ka san talla ka saya, ka auna ta da farashin talla. Babban haɗari shi ne jarabar rubuta wa kai sharhi da sunan aro. Duniyar marubutan Hausa ƙarama ce, salon mutum kuma ba ya ɓuya. Ranar da aka gane, har sharhin gaskiya da aka taɓa yi maka sai a yi shakkarsa. Idan ya fito a yanke shafin a adana, a kuma ajiye na intanet a PDF, don shafukan jaridu na sauya tsari tsofaffin rubuce-rubuce su ɓace.

4. Rediyo

Ba hanyar da ta kai ta shiga lungu. Rediyon Jiha da Companion FM da Vision FM suna isa ga matan aure a cikin gida, da tela a shago, da mutumin ƙauye da ba zai taɓa riƙe jarida ba. Sai dai a san abin da ake saye: yawancin abin da rediyo ke bayarwa hira ce ko karatu, ba hukunci a kan littafi ba. Mai gabatarwa sau da yawa bai karanta ba, kuma ba laifinsa ba ne in da safen nan aka miƙa masa. A kai littafin mako guda kafin shiri, da taƙaitawa ta shafi ɗaya, da yanki na minti uku da aka yi wa alama. In ana son hirar ta ɗauki kamannin sharhi, a zo da mutum na uku da ya karanta, a bar shi ya faɗi inda bai gamsu ba.

Gayyata cikin shirin da ake da shi kyauta ce ko kuɗin mai. Filin da ka saya da kanka tsada gare shi, kuma a watan azumi tafsiri ya cinye lokutan da aka fi saurare, a kakar siyasa 'yan takara sun cinye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shiga rediyo alhali littafi bai isa shago ko ɗaya ba. Mai saurare zai nema gobe, in bai samu ba jibi ya manta.

Karanta littafi gaba ɗaya a iska wani ciniki ne daban. A rubuta yarjejeniya: babi nawa za a karanta, sau nawa za a maimaita, za a ɗora a YouTube ko a'a, in an ɗora kuɗin na wa. A karɓi naɗin shirin ranar da aka yi shi.

5. Mai sharhi a bikin ƙaddamarwa

Nan ne kuɗi ke tafiya. Ɗakin taro, katin gayyata, ruwa da lemo, mai gabatarwa, masu ɗaukar hoto, da zirga-zirgar kai goron gayyata gidajen manya. A jerin sunayen kati akwai uban taro, shugaban taro, babban mai ƙaddamarwa, sannan mai sharhin littafi. Duk da shi kaɗai ne aka tabbatar ya buɗe littafin, shi ake fara yanke wa lokaci idan manyan baƙi suka makara: minti ashirin su koma biyar.

Ko an ba shi lokacinsa, wurin ba na faɗin aibi ba ne. Ga iyayen marubuci a gaba, ga sarakai, ga wanda ake jira ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai kauri. Abin da zai iya shi ne ya zayyana babi-babi, ya ce yabon gwani ya zama dole, ya ambaci kuskuren dab'i biyu don a san ya karanta. Wannan ba ha'inci ba ne, aikin da taron ya ba shi ke nan. Taro ne na tara gudummawa, kuma a wannan ma'aunin za a auna shi, tare da tuna cewa alƙawarin da aka yi a lasifika ba duka ake karɓowa ba. Kada a ci bashin ɗakin taro da sa ran alƙawari.

Akwai dabarar da ke fitar da riba ta gaske daga wannan hanya. A ba mai sharhi littafin mako uku kafin taro, a roƙe shi ya rubuta cikakken sharhi, har da abin da ba zai faɗa a gaban jama'a ba. A taro ya karanta taƙaitacce na minti goma. Washegari a aika cikakken zuwa jarida da sunansa. Da haka jawabin da zai bi iska ya zama takarda, kuma malamin ya samu abin da zai sa a jerin rubuce-rubucensa, wanda sau da yawa ya fi masa ambulan.

6. Makaranta na intanet

Yawancin sababbin labaran Hausa yanzu a waya ake fara karanta su: WhatsApp, Facebook, Telegram, Wattpad, ArewaBooks. Marubuciya ta saki shafi da dare, kafin asuba ta ji ra'ayin mutum hamsin. Ba hanyar da ta kai wannan sauri, kuma masu maganar su ne masu sayen.

Amma abin da ake samu martani ne ga taurari, ba nazarin rubutu ba. Za a tsine wa kishiya, a tausaya wa marainiya, a ce a ƙaro. Wannan na da amfaninsa: inda aka daina magana, nan labari ya yi sanyi. Haɗarinsa shi ne marubuciya ta fara rubuta abin da ake ihu a kai, labarin da ya kamata ya ƙare a babi na talatin ya kai tamanin. Ƙawaye kuwa so ya hana su ganin laifi.

Masu mabiya da yawa da ke karɓar kuɗi su yi magana a kan littafi masu talla ne. Kafin a biya a duba rubuce-rubucensu goma na baya: in duk “littafin bana” ne, maganarsu ba ta da nauyi ko a wurin mabiyansu. A duba yawan masu tanka musu, ba yawan mabiya ba.

Babban haɗari sata ce. Fayil ɗin da ka tura wa mutum ɗaya yana iya kwana a zauren WhatsApp ashirin, wani ma ya cire sunanka, wani ya karanta shi a YouTube ya ci kuɗi. Ga wanda ba ka sani ba, babi uku sun isa. Ga wanda zai karanta duka, a ba shi na takarda, ko PDF da aka buga sunansa da lambar wayarsa a jikin kowane shafi. Wannan ba ya hana mai niyya, amma yana hana mai sakaci. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare rubutu tun daga ranar da aka rubuta shi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana yin rajista, wadda ke zama hujja idan rigima ta taso. Ɗorewa kuwa babu: saƙon WhatsApp na tafiya da waya, kuma dandamali kansa na iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a 2023. Sharhi mai ma'ana in ya faɗo, a nemi izinin mai shi a kwafe a adana.

7. Kamfanonin ƙasashen waje

Wannan na mai rubutu da Turanci ne. Kirkus, mujallar sharhin littattafai ta Amurka, na karɓar sama da dala 400 ta ba da sharhi na kimanin kalmomi 250 cikin mako bakwai zuwa tara. Ba ta yi alƙawarin yabo ba, amma in bai yi maka daɗi ba kana iya hana a wallafa. Amazon ta haramta sharhin da aka biya da na dangi na kusa, kuma sai wanda ya kashe dala 50 a can cikin wata 12 yake iya rubutawa, abin da ya fitar da yawancin makarantanka na gida. Ga wanda kasuwarsa Katsina da Kano da Maraɗi ce, wannan kuɗin gara ya tafi wurin edita. Saƙonnin imel da ke zuwa da alƙawarin taurari biyar a kan farashi kaza, a share su.

Gasa ba sharhi ba ce, alƙalai ba safai suke mayar da bayani ba, amma sunan da ya fito a jeri yana jawo masu sharhi da kansu. Hikayata ta BBC Hausa an fara ta ne a 2016 a matsayin gasar gajerun labaran mata. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 ta littattafan Turanci ce.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Ɗorewa | Sauƙi | 'Yancin mai sharhi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Malamin jami'a | Matsakaici | Mako 4 zuwa 6, ko fiye | Mai yawa in an wallafa | Sai da sanayya | Mai yawa | Jinkiri |
| Zaman marubuta | Kaɗan | Nan take | Babu | Mai sauƙi | Ya danganta da zaman | Yabon juna |
| Jarida | Kwafi 2 da aike | Makonni | Mai kyau | Matsakaici | Mai yawa | A yi shiru da shi |
| Rediyo | Kyauta ko tsada | Kwanaki | Kaɗan | Mai sauƙi in da kuɗi | Kaɗan | Littafi bai isa shago ba |
| Ƙaddamarwa | Mafi tsada | Ranar taro | Babu sai an rubuta | Matsakaici | Kaɗan ƙwarai | Bashi |
| Intanet | Data | Sa'o'i | Kaɗan | Mafi sauƙi | Gauraye | Satar fayil |
| Kamfanin waje | Dala | Wata 2 | Mai kyau | Mai sauƙi in da katin banki | Mai yawa | Ba masu sayenka ke gani ba |

Wa ya kamata ya bi wace

Mai littafin farko da bai kai maɗaba'a ba: zaman marubuta, sannan makaranta uku, sannan malami. Kuɗin da aka tanada don lemon ƙaddamarwa a raba shi biyu, rabi ya tafi nan.

Marubuciyar da ke sayar da labari a waya: martanin makaranta ya ishe ta sanin kasuwa, amma kafin ta mayar da shi littafin takarda ta ba mutum ɗaya da bai bi shi shafi-shafi ba ya karanta a dunƙule. Shi zai ga maimaicin da masu jiran kullum ba su lura da shi ba.

Wanda kwalaye suka riga suka iso: ya fara rarraba littafi a shaguna, sannan rediyo, sannan jarida cikin wata ukun farko. Gyara ya wuce, sai dai a tara shi don bugu na biyu.

Mai son littafinsa ya shiga aji: laburaren sashe, malaman fanni, da lambar ISBN. Wannan hanya ta masu haƙuri ce, ana maganar shekaru.

Mai littafin addini: malamin da ya san fannin ya bi ayoyi da hadisai da fassararsu ɗaya bayan ɗaya kafin bugu, taƙarizi ya biyo baya. Kada a nemi taƙarizin babban malami a kan daftarin da ba a ba shi lokacin karantawa ba, domin kuskuren da ya fito daga baya sunansa zai shafa.

Mai tarihin gari ko na gidan sarauta, wanda Katsina da Daura ba sa rabuwa da masu rubuta shi: mutum biyu yake buƙata kafin kowa, malamin tarihi da zai tambaye shi madogara, da dattijon da ya san salsalar gidajen da aka ambata. Suna ɗaya da aka tsallake a jerin sarauta, ko riwayar ɓangare ɗaya da aka kawo kamar ita kaɗai ce, ya isa a nemi a janye littafi daga kasuwa. Irin wannan littafin ne kuma ƙaddamarwa ta fi yi wa rana, domin masu gudummawarsa a shirye suke. Sai a riƙe sharaɗin nan na rubutaccen sharhi, a aika wa jarida washegari, a kai kwafi biyu sashen tarihi.